A yi walda a jikin shasin Hilux, ko a ɗaure da noti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu, ina kai kaya daga Tahoua zuwa kasuwannin Abalak da Cintabaradan. Ina so a sa mini keji na ƙarfe a baya, da mazaunin taya ta biyu, da tankin ruwa na lita 200. Mai walda ya ce a liƙa su kai tsaye a jikin shasi, zai fi ƙarko. Abokina kuwa ya ce kada in yarda. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bi maganar abokinka, gaskiya ya gaya maka.

Shasin Hilux dogayen ƙarafa biyu ne daga gaba har baya, da gajeru da suka gitta tsakaninsu kamar tsani. An ƙera shi ya riƙa ɗan murɗawa yana komawa daidai, musamman idan taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya kuma tana kan tudu. A gargadar hanyar Cintabaradan wannan motsi ba ya tsayawa. Da an kai masa wutar walda, ƙarfen da ke gefen ɗinkin ya rasa ƙwarinsa na asali, wurin kuma ya sandare, sai duk wahalar hanya ta taru a nan. Shi ya sa tsagewa ta fi fitowa a bakin waldar, ba a tsakiyarta ba. Na taɓa shiga ƙarƙashin wata da aka liƙa wa mazaunin taya, na haska tocila, sai ga wani siririn layi na jar tsatsa kamar zare, ya taso daga gefen waldar ya gangaro. Mai motar bai san da shi ba, kullum yana loda mata buhunan gero.

Ka fara da wanke ƙasan motar tas. Za ka ga ramukan da kamfani ya bari, wasu har da noti a manne ta ciki. Su ne wurin aikinka. Mai walda ya auna su, ya haɗa maƙalin da zai riƙe kayan can gefe da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, ya yi masa fenti, sannan a ɗaure shi a jikin shasi. Walda dai za a yi, amma nesa da motar. Dubi kan kowane noti, ka tabbata an buga lambar ƙwarinsa, 8.8 ko 10.9, wanda ba shi da lamba, bar shi a shago. Kejin kuwa, ƙafafunsa su sauka kusa da inda bodin baya yake ɗaure da shasi, da faranti ta ƙasa, don kada nauyi ya tsaya a kan kwanon bodi kaɗai.

Idan huda sabon rami ya zama dole, a huda a gefe, wajen tsakiyar faɗin ƙarfen. Fuskar sama da ta ƙasa su ne ke ɗauke da lodi, kada a taɓa su. A nisanci maratayin sifirin da bakin wani rami. Da injin huda za a yi, ban da wutar gas, sannan a goge bakin ramin ya yi sumul a shafa fenti. Akwai abin da masu gyara da yawa ke mantawa, kuma yana ba ni takaici: shasin Hilux rufaffe ne kamar akwati, cikinsa fayau. In ka zura noti ya ratsa ka matse, bangon biyu za su lotsa, bayan 'yan kwanaki notin ya saki. Maganinsa a sa guntun bututun ƙarfe mai kauri a ciki, notin ya bi ta cikinsa. Kafin a huda, a laluba bayan wurin da hannu, domin bututun burki da na mai da wayoyin wuta nan suke bi.

Lambar shasi ma a jikin wannan ƙarfe take. Kada a goge ta ko a rufe ta, in ba haka ba ranar da jandarmomi ko 'yan duwan suka gwada ta da takardun mota, za ka sha bayani.

Sai tanki. Lita 200 na ruwa kilo 200 ne, ban da nauyin tankin kansa. Mota mai ƙofa huɗu bodinta gajere ne, yawancinsa a kan tayoyin baya yake ko bayansu. Nauyin da aka rataya can ƙarshe yana danna wutsiya a kowane rami, har shasi ya lanƙwashe tsakanin gidan direba da bodi. Matso da tankin ya jingina da bayan gidan direba, taya ta biyu ma ta zauna kusa da shi.

In ka dawo daga tafiyar farko zuwa Abalak, sa a sake matse kowane noti. Daga nan duk lokacin da za a canza man inji, ka karɓi tocila ka duba gefen maƙalan da idonka. Ka ga jar ƙura ta fito a layi, sauke kaya ka kawo ta gareji ranar.