Akwatin wutar gidanmu yana ƙauri, gyara za a yi ko a canza shi duka?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni daga Mabera nake nan Sakkwato. Gidan mahaifinmu ne, wayarin ɗinshi ya kai shekara talatin, lokacin da aka yi shi fanka da ƙwan fitila da talabijin kawai ake da su. Yanzu an ƙara ɗaki uku a baya, akwai esi biyu, firiza, da sumo na rijiyar burtsatse, ga sola da muka haɗa bara. Akwatin wutar rabi fis ne irin na tangaran, rabi bireka. Tunda zafi ya shigo bireka ɗaya ke ta faɗuwa, in an ɗaga ta ta sake, kuma wani lokaci muna jin ƙauri kamar roba na ƙonewa. Mai gyara ɗaya ya ce a cire mai lamba 20 a sa mai 32 magana ta ƙare, wani kuma ya ce sai dai a tsige akwatin duka a sa sabo. Kuɗin ba kusa suke ba. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun abin bai kai ga gobara ba. Kafin komi, don Allah kada ka yarda a sa mai lamba 32 ɗin nan. Ko kyauta aka ce za a sa maka, ka ce ka gode. Kuma daga yau har a zo a duba, wagga bireka mai faɗuwa a bar ta a ƙasa, kada yara su riƙa ɗaga ta, a haƙura da layin nan na kwana biyu.

Ga dalili. Mutane sun ɗauka bireka don kayan wuta aka sa ta, alhali wayar da ke binne cikin bango take tsaro. Kowace waya akwai iya abinda za ta ɗauka gwargwadon kaurinta, da amfiya ake auna yawan wutar nan, kuma lambar da ke jikin bireka amfiya ce take nufi. Wayar jan ƙarfe mai 2.5 da aka saba ja wa soket, in tana cikin faif a bango, wajen amfiya 24 take ɗauka, shi ma lissafin an yi shi ne a kan zafin digiri 30. To mu nan Sakkwato daga Maris zuwa Mayu digiri 40 muke wucewa, cikin silin kuwa ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba. A digiri 40 wayar nan ta koma kusan amfiya 21, a 45 ta koma 19. Ka ga kenan mai lamba 20 ita ce daidai da ita, babu ma rara. In aka sa mai 32, ita ba ta faɗuwa nan take ko an kai 32 ɗin, sai ta kai wajen amfiya 46 kafin a tabbatar za ta yanke cikin awa ɗaya, duk tsawon lokacin nan robar jikin waya da aka yi ta don ta jure digiri 70 tana dahuwa cikin bango inda ba mai gani. Faɗuwar za ta daina, gaskiya ne, kowa ya ce mai gyara ya iya aiki, amma kamar maigadi ne ya yi ihun ɓarawo aka tashi aka sallame shi don a samu barci.

Yanzu mi ya sa take faɗuwa? Zauna ka yi lissafi da kanka, ba wuya. Wutarmu ta gida bolt 230 ce, duk abinda aka rubuta wat a jikinshi ka raba da 230 za ka samu amfiya. Dutsen guga mai wat 1,200 amfiya 5 ne da ɗan abu. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 kusan 9. Esi mai doki ɗaya da rabi tana cin 5 zuwa 6, lokacin tashi kuma tana fizgar fiye da haka. Ina da yaƙinin da aka ƙara ɗakunan baya ba a ja musu sabon layi daga akwati ba, daga soket ɗin ɗaki na ƙarshe aka ɗora aka wuce, haka aka saba yi don a rage kuɗin waya. To in esi biyu da guga da buta suka haɗu a layi ɗaya an wuce 20 tuni. Ga kuma lo karan da muke fama da shi da yamma in kowa ya kunna kayanshi a tiransifoma ɗaya, shi injin esi da na sumo in wuta ta yi ƙasa ƙarin amfiya suke ja, su ɗau zafi. Ita kanta bireka da zafi take aiki, akwai wani ɗan ƙarfe ciki da ke lanƙwasawa in ya ji zafi, shi ya sa wadda ta yi shiru duk hunturu take fara faɗuwa da bazara, musamman in akwatin na jikin bangon da rana ke duka.

Da a ce faɗuwar ce kawai, da na ce maka gyara ya isa. Akwati mai lafiya, jikinshi bai narke ba, ƙarfen da birekoki ke hawa kai fes yake bai yi baƙi ba, akwai sauran gurbi biyu ko uku babu komi, to wanga ba a jefar da shi. A ɗaure sukurori, a busa ƙurar hunturu da ta cika shi, a canza birekar da ta gaji da irin lambarta, a raba layin da ya yi nauyi gida biyu, shikenan. Akwai masu son su sayar maka da sabo ko ba dalili, wannan ma ban goyi bayanshi ba.

Amma kai ka ambaci ƙauri, kuma nan ne hankalina ya tashi. Ƙauri a akwati yawanci daga bakin sukuru yake fitowa. Waya in ta yi zafi ta buɗe, in ta huce ta tsuke, shekara da shekaru ana haka sai sukurun ya saki, wuta ta riƙa tsallake ɗan gibin nan tana tartsatsi. In aka buɗe murfin za ka ga wurin, jan ƙarfen ya koma baƙi ko kore-kore, robar wayar ta taurare tana farfashewa in an taɓa da sukundireba, gefen birekar ya yi ruwan ƙasa kamar an gasa, wani lokaci har ka ji yana ɗan zuuu in ka kasa kunne da dare. Abin tsoron shi ne irin wanga zafi bireka ba ta ganinshi sam, don amfiyar ba ta wuce ƙa'ida ba, wuri ɗaya ne kawai ke ci. In ya tsaya a bakin waya ɗaya ana iya yanke wurin da ya ƙone a sake ɗaurewa a sa sabuwar bireka. In ya ci ƙarfen tsakiya ko wurin da ake tara wayoyin nutural, wato wayoyin da wuta ke komawa ta cikinsu, ko robar akwatin ta narke, ba a facin wanga, canzawa ake. Kuma ka sa a duba nutural ɗin da kyau, don in gidanku layi uku ne ya shigo kuma nutural ya saki, wuta na iya hawa ta doshi bolt 400 a wasu ɗakuna, shi ne kake jin an ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone talabijin da caza da firiji lokaci ɗaya.

Sai fis ɗin tangaran. Ni duk gidan da na tarar da su a yau shawarata a cire. Ba wai asali ba ya aiki ba ne, yana yi in an sa siririyar wayar da aka yi don shi. Amma wa ke sawa? In ya tsinke da tsakar dare sai a yanko wayar da ke kusa a murɗa sili huɗu ko biyar a cusa, daga ranar nan fis ya tashi daga aiki, sai dai gidan ya ƙone shi yana nan daram. Ka zare ɗaya bayan an kashe wuta ka duba, zan yi mamaki in ba haka ka tarar ba.

To in ka haɗa su, tsohon fis, ƙauri, babu gurbin ƙara layi, kaya sun ninka abinda aka yi wayarin dominshi, ga sola ta shigo, ni a ganina mai gyara na biyu ya fi gaskiya, a canza. Sai dai ina da sharaɗi, don sabon akwati a kan tsohuwar matsala asarar kuɗi ce. Kafin ya sayo komi ya zagaya gidan ɗaki ɗaki ya rubuta abinda ke kan kowane layi, ya auna lafiyar robar tsofaffin wayoyi da na'urar da ake kira mega, ba testa mai ɗan haske ba. Wayar da ta faɗi awo a zare ta. Kowace esi a ja mata layinta ita kaɗai, sumo ma haka, ɗakunan baya su samu nasu, fitilu a kan waya 1.5 da bireka mai 6 ko 10. A sayi akwatin da zai bar gurbi ko huɗu a buɗe saboda gobe, don gidan gado kullum ƙaruwa yake. Kuma a rubuta sunan kowane layi a jikin murfi da Hausa yadda ko Hajiya za ta iya kashe na kicin ba sai ta kira kowa ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka bari a cire shi daga lissafi don rangwame, shi ne birekar nan mai ɗan maɓallin gwaji a goshinta, wadda aka rubuta 30mA a jiki. Sauran duk waya suke karewa, ita wagga mutum take karewa. Tana auna wutar da ta fita ta layif, wato wayar da ke kawo wuta, da wadda ta dawo ta nutural, in ta ga an samu yoyo ko ɗan kaɗan, misali ta jikin yaron da ya taɓa firiza da jiƙaƙƙen hannu ko famfon da sumo ke ba ruwa, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Bireka mai 20 ba za ta ko motsa ba a irin haka, don abinda ke kashe mutum bai kai ko amfiya ɗaya ba. A riƙa danna maɓallin nan duk bayan wata uku zuwa shida, in ba ta faɗi ba ta mutu. In an sa ta tana yawan faɗuwa kada a tsallake ta, yoyo ne take nuna muku, a nemo shi.

Ita kuma tana tafiya ne da atin mai kyau, wato sandar ƙarfen da ake binnewa a ƙasa a haɗa da wayarin gida don yoyon wuta ya bi ta nan, nan kuwa ƙasarmu ba ta taimaka mana, rairayi ne busasshe wata da watanni. Sandar atin da aka kafa shekara talatin da suka wuce da gawayi da gishiri, wataƙila gishirin ya cinye ta tuni. A tona a gani, a kafa sabuwa mai zurfi a inda ke samun danshi, in ɗaya ba ta isa ba a ƙara, kuma a auna ta da rani, don awon damina yaudara ne, lokacin kowace ƙasa kyau take nunawa.

Batun sola da janareto, a tabbatar akwai canji-oba na gaske mai yanke layif da nutural duka, yadda wutar inbata, wato na'urar da ke ba gida wutar sola, ba za ta taɓa komawa kan layin NEPA ba. Wutar da ta koma baya tana iya kashe ma'aikacin da ya hau fal yana ganin an ɗauke wuta. Ya fi kyau ma kayan da inbata za ta ɗauka, fitilu da fanka da firiji, a ware musu ƙaramin akwati daban.

Wajen sayayya ka je da mai aikin amma ka buɗe ido, jabu sun cika kasuwa, har da masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Birekar jabu ba nauyi a hannu, rubutunta na gogewa da yatsa. Waya kuma a kankare bakinta da wuƙa, in ciki ya fito fari to alminiyam ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Wayoyin da ake yi nan gida Najeriya irin su Coleman da Cutix da Nigerchin an san su, sai dai su ma ana kwaikwayonsu, don haka a saya wurin dila mai ba da rasit.

Kada kai ko wani a gida ya ce zai kwance da kanshi. Ko an kashe babbar bireka, wayoyin da suka shigo ta samanta suna da wuta, kuma inbata na iya ci gaba da ba akwatin wuta ta ɗaya gefen, dole a kashe ta ita ma. Mita da katawut, wato babban fis ɗin da ke kusa da mita, kuwa hurumin kamfanin Kaduna Electric ne, su ke raba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna, in aikin zai kai ga taɓa su a je ofishinsu su turo a cire, kada a fasa hatimi a jawo tara. Mai aikin kuma ka tambaye shi ko yana da takardar shaidar hukumar NEMSA, ita doka ta ɗora wa tantance masu wayarin da duba aikinsu. In kuɗin bai isa a yi duka lokaci ɗaya ba, a fara da akwatin da birekar 30mA da atin da layin esi biyun nan, sauran ɗakuna a bi su a hankali. Kafin nan a ajiye bokitin yashi kusa da wurin, a kwashe katifa ko buhunan da aka jingina ƙarƙashin akwatin, kuma a gaya wa kowa a gidan in ya kama ba a zuba mishi ruwa. Allah ya tsare, ka gaida su Baba.