Kwana a ƙaramin masauki wajen Kagoro

Mai tambaya ko za a samu wurin kwana da abinci a ƙauyukan Kagoro da ke kudancin jihar Kaduna, eh ana samu, amma kar ka sa ran irin hotal ɗin cikin garin Kaduna. Ɗaki ne da fanka, in nepa ta ɗauke sai janareta, shi ma ba har asuba ba. Abinci kuwa tun da rana za ka faɗa ma matar gidan, ba sa ajiye dafaffe, ka ce a maka gwaten acca ko tuwon acca, wallahi ya fi shinkafar da kake tunani, da safe shayi mai citta. In lokacin bikin Afan ne, wato bikin gargajiya na mutanen Kagoro, 1 ga Janairu, kama ɗaki da wuri, ko ka kwana Kafanchan. Ka riƙe tsabar kuɗi, transfa na wahala.