Tambaya da Amsa: Gareji ya cika da kaya, mota tana kwana a waje

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni mutum ne mai son mota, ba hawa kawai ba, har da kwance ta da ɗaure ta da hannuna a ranakun hutu. Garejin gidana na mota ɗaya ne: faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 6, daga ƙasa zuwa silin mita 2.6. Motata Corolla ce. A cikin garejin akwai tayoyi huɗu da rim ɗinsu, jak, akwatunan sufana biyu, batir na ajiya, galan-galan na man inji, jarkar fetur, da tsohuwar bamba da kujerun wata mota da na sayar tuntuni. Wata uku ke nan motar tana kwana a waje saboda babu inda za ta shiga. Ba ni da filin ƙara gini. Wani abokina ya ce in sa injin ɗaga mota, in riƙa ɗaga ta sama ina zuba kaya a ƙarƙashinta. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗin wasiƙarka saboda ka aiko da awo. Yawancin masu yi mini wannan tambaya cewa kawai suke yi garejin ƙarami ne, ni kuwa ba na iya ba da shawara a kan ɗakin da ban san girmansa ba.

Mu fara da injin ɗaga mota, don mu sauke shi daga zuciyarka. Tsayin Corolla ya kai kimanin mita 1.45. Ka cire wannan daga mita 2.6, ka kuma cire kaurin ƙarfen da tayoyi za su hau da ɗan sararin da dole a bari tsakanin rufin mota da silin. Abin da zai rage maka a ƙasa bai kai mita ɗaya ba. Ba za ka iya tsayawa a ciki ba, kuma duk safiya sai ka kwashe kayan kafin ka sauke motar. Ga shi ginshiƙansa za su cinye ɗan faɗin da kake da shi. Irin mai ginshiƙi biyu kuma yana buƙatar daɓen kankare mai kaurin aƙalla santimita 10, lafiyayye, marar tsagewa, domin a jikinsa ake ɗaure shi. Injin yana da amfani ga mai dogon silin da motoci biyu. Ba naka ba ne.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ƙasan gareji na mota ne. Naka rabon shi ne bango da sama. Ranar da ka samu sarari, ka fito da komai waje, har tsintsiya, ka shigar da motar ita kaɗai. Ka matsar da ita gefen fasinja gwargwadon yadda madubi ba zai taɓa bango ba. Ka buɗe ƙofar direba yadda kake buɗewa in za ka fita, ka buɗe but, ka ɗaga bonet. Sannan ka ɗauki alli ka zana iyakar komai a ƙasa da jikin bango. Duk abin da ke cikin zanen haramun ne ga kaya.

Lissafin da za ka samu ba zai yi nisa da wannan ba. Tsawon motarka kimanin mita 4.6 ne, faɗinta kusan mita 1.8 ban da madubai. A faɗi ke nan kana da rarar mita 1.2, kuma ƙofar direba za ta ci santimita 70 zuwa 80 kafin mutum ya fita ba tare da ya matse ba. Saboda haka ka cire rai da kanta mai zurfi a gefe. A tsawo kuwa kana da rarar mita 1.4. Ka bar santimita 30 a baya don ƙofar gareji ta rufe, ka bar wajen wucewa a gaban mota, sai ka ga santimita 50 zuwa 60 sun rage a jikin bangon gaba. Wannan bangon shi ne arzikinka, a nan rabin kayanka za su zauna.

Kafin ka mayar da komai ciki, ka raba kayan. Kujerun motar da ka sayar da tsohuwar bamba su tafi. Na san ciwon wannan, domin ni ma na riƙe kafireton wata mota shekaru bayan ta bar hannuna, ina ce wa kaina wata rana zai yi amfani. Abin da ba ya shiga motar da kake da ita yau, ka ba wanda zai shiga tasa. Kujeru biyu kaɗai sun cinye maka wurin da ya isa teburin aiki.

A bangon gaba ka sa kantar ƙarfe daga ƙasa har kusa da silin, zurfinta santimita 40, ka ɗaure samanta da bango don kada ta rinjayo. Masu nauyi su zauna ƙasa: jak, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, batir, galan ɗin mai. Abin da hannunka ke nema kullum ya zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa. Marasa nauyi da ba ka taɓawa sai jefi-jefi, irin su rigar rufe mota da matatun iska, su hau can sama. Kusa da kantar ka kafa tebur mai naɗewa, mai hinji a jikin bango, tsayinsa kimanin santimita 90 daga ƙasa. In za ka yi aiki ka ja motar baya kaɗan ka buɗe shi, in ka gama ka kwantar da shi jikin bango.

Yanzu sufanu. Akwatunan nan biyu, na tabbata in kana neman lamba 10 sai ka zazzage ɗaya. Ka samu faifan katako mai kaurin milimita 18, ka kafa shi a saman teburin, ka jera sufanu da filaya da sukudireba da guduma a kan ƙusoshi bisa girmansu, sannan ka bi gefen kowanne da alƙalami ka zana siffarsa. Haka ake yi a manyan masana'antu da wuraren gyaran jiragen sama, dalilin kuwa mai sauƙi ne: in ka gama aiki ka ɗaga kai, siffar da ka gani babu komai a kanta tana gaya maka akwai sufana da ka manta, wataƙila a cikin inji. Duk faifan nan bai fito daga bango fiye da tafin hannu ba.

Akwai wata dabara da na fi so fiye da duk wata kantar sayarwa. Ka sa kafinta ya tsaga dogon katako gida biyu bisa tsawonsa, yankan ya karkace digiri 45. Rabi ɗaya a ɗaure shi da bango, bakin yankan yana kallon sama, ya bar rami tsakaninsa da bango. Ɗayan rabin a yanyanka shi guntu-guntu, a manna kowane guntu a bayan ƙaramin akwati ko mariƙi, bakinsa yana kallon ƙasa. In ka ɗora, sai su sarƙe, nauyin kayan ne ma ke ƙara matse su. In ka jera layi uku ko huɗu na wannan katako a bangon gefe, kana iya matsar da kowane akwati inda kake so ba tare da ka sake huda bango ba. Mai son mota kayansa ba sa tsayawa yadda suke, bana ya sayi wannan, baɗi wancan, don haka ma'ajiyar da ke sauya tsari ta fi wadda aka kafe.

Sai dai ka kula da abin da kake ɗaurewa a ciki. Na taɓa kafa kanta a bangon bulo mai rami da 'yan ƙananan robobin nan na ƙusa. Ta yi wata biyu lafiya, ran nan cikin dare muka ji ƙara, da safe na tarar da galan biyu da akwatin noti a kan bonet, ya lotsa, fenti ya kwarzane. Bulo mai rami fatarsa siririya ce, nauyi yana jan ƙusa waje a hankali. Ka yi amfani da maɗauri na musamman da ke buɗewa a cikin ramin, ko ka nemi wurin da aka cika da kankare. In bangon na allo ne, sai ka nemi ginshiƙan da ke bayansa. Haka silin: kada ka rataya komai a jikin allon silin, sai a jikin katakon rufi ko kankare, kuma marasa nauyi kawai za su hau saman mota.

Tayoyi kuma suna da nasu hukunci. In naka masu lamba 205/55 R16 ne, faɗin da'irar kowace kusan santimita 63 ne, kaurinta kimanin 21. In ka jibge huɗu a ƙasa sun tare maka kusurwa guda. Tunda suna da rim, kana iya rataye kowace a ƙugiya mai ƙarfi ta ramin tsakiya, ta kwanta jikin bango, kaurinta kawai za ta fito. Kowace tana iya kaiwa kilo 20, don haka kada ka kai su inda sai ka ɗaga sama da kai. Kusurwoyin gaba, daura da bonet, sun fi. Tayar da babu rim ba a rataye ta, domin tana lanƙwashewa. Tsayar da ita ake yi, ana ɗan juya ta duk wata. Ka wanke su, su bushe, ka nisanta su da hasken rana da mai da injin lantarki mai tartsatsi, domin iskar da yake fitarwa tana tsattsaga roba. Ka kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In ta kai shekara 10, ko da zanenta bai cinye ba, ba ta cancanci ƙugiya ba.

Abu na ƙarshe gare ka: ka rataye ƙwallon tenis da zare daga silin, daidai inda za ta taɓa gilashin gaba idan motar ta isa zanen alli. Ka manna guntun tsohon kafet a bango inda bakin ƙofar direba ke bugawa.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Maigidana ne mai son mota, garejinmu kuma yana manne da gida, ƙofarsa ta ciki tana kusa da ɗakin yara. Yana ajiye fetur a ciki, yana cajin batir, wani lokaci ya tayar da mota ta ɗumama ƙofa a rufe. Warin yana shigowa har ɗaki. Na yi magana ya ce ba komai. Ko ni ce na cika tsoro?

Amsa: 'Yata, ba ki cika tsoro ba, gaskiya ce a hannunki, kuma ina roƙonki ki nuna masa wannan shafi. Tayar da mota a rufaffen gareji shi ne mafi hatsari a cikin ukun. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da barci, yaro mai barci kuwa ba zai farka ya faɗa ba. Buɗe ƙofar gareji ma bai isa ba. A tayar a fita da ita waje nan take. Akwai 'yar na'ura mai ƙara idan wannan iska ta taru, ku sa ɗaya a hanyar ɗakin yaran.

Fetur kuma ba ruwan ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Ya fi iska nauyi, saboda haka yana kwanciya a ƙasa ya bi daɓe har ya tarar da tartsatsi, ko na soket, ko na wayar na'urar cajin batir. Shi kansa batir yana fitar da iska mai kamawa yayin caji. Haɗa su a ƙaramin ɗaki ɗaya ajiye wuta ne kusa da auduga. Fetur ya koma wata ma'ajiya a waje, nesa da ɗakunan kwana, cikin jarkar da aka yi dominsa, a inuwa, kuma kaɗan. Caji a yi shi inda iska ke ratsawa. Tsummokaran da suka sha mai su shiga bokitin ƙarfe mai murfi. Man birki da ruwan lagireto su shiga akwati mai makulli, musamman ruwan lagireto, domin yana da zaƙi a baki kuma guba ne ga yara da dabbobi. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofar fita, ba can ƙurya bayan mota ba.

Ga maigida kuma, ɗana, in kana karantawa: wanda ya san inji har ya iya kwance shi ya san abin da nake faɗa gaskiya ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka fitar da jarkar nan yau.

Tambaya: Baba, ni haya nake, mai gida ya hana huda bango. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, ka nemi kantar ƙarfe mai tsayawa da ƙafafunta, mai faɗi ba mai tsawo sosai ba, ka cika matakin ƙasa da masu nauyi don ta zauna daram. Faifan sufanu ka ɗaure shi a gefen kantar da noti maimakon bango. Sauran kayan aiki su shiga akwati mai tayoyi da aljihuna, wanda za ka tura kusa da mota in kana aiki, ka mayar kusurwa ka taka birkinsa in ka gama. Tayoyi masu rim ka jera su kwance a kan ɗan katako mai ƙananan tayoyi, ka rufe su da yadi mai duhu. Ranar tashi, kantar za ta kwance da sufana ɗaya.