Amsa: aikin dare yana gudana sau biyu a sabar WildFly

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kuna da sabar WildFly (mai gudanar da manhajojin Java) guda biyu a ofishinku na nan Kano, aikin haɗa lissafin ciniki na ƙarfe 12 na dare yana gudana sau biyu, kuma in an ɗauke wuta sai ya taso da safe. Ka kuma gyara standalone.xml, fayil ɗin saitin sabar, da hannu amma gyaran ya ɓace. Matsaloli uku ne, biyun farko tushensu ɗaya: inda sabar take adana bayanan taima, wato abin da ke tayar da aiki a lokacin da aka tsara.

WildFly tana zuwa ne da ma'ajiyar fayil, default-file-store, a standalone/data/timer-service-data. Kowace saba da tata, ba ta san abin da 'yar'uwarta ke ciki ba. Sha biyu na bugawa kowacce za ta ga aikin nata ne, ta yi. Maganin shi ne su koma ajiya a rumbun bayanai ɗaya. Buɗe fayil, ka sa masa suna taima.cli, ka zuba wannan:

batch
/subsystem=ejb3/service=timer-service/database-data-store=rumbu:add(datasource-jndi-name="java:jboss/datasources/TaimaDS", database="postgresql", partition="ciniki", allow-execution=true, refresh-interval=60000)
/subsystem=ejb3/service=timer-service:write-attribute(name=default-data-store, value=rumbu)
run-batch
reload

Sai ka gudanar da shi a kan kowace saba: jboss-cli.sh --connect --file=taima.cli. Amfanin batch, ko umarnin biyu su shiga tare ko kada ko ɗaya ya shiga. TaimaDS, wato hanyar haɗuwa da rumbun bayanan, sai ka riga ka ƙirƙire shi, kuma duka sabobin su nufi PostgreSQL ɗaya. Kada ka yi amfani da ExampleDS da ke zuwa da WildFly, rumbun H2 ce ta cikin ƙwaƙwalwa, ana kashe saba ta share komai.

Mutane suna yawan yin kuskure a refresh-interval, wato tazarar da saba ke sake duba rumbun. Da milisakan ake lissafa shi, don haka 60000 minti ɗaya ne. Wanda ya rubuta 60 da nufin sakan 60, ya sa sabar ta riƙa ƙwanƙwasa rumbun fiye da sau goma kowane sakan. Partition kuma dole ya zama iri ɗaya a sabobin biyu, in ba haka ba kun koma gidan jiya. Amma jboss.node.name, sunan kowace saba, dole ya bambanta, domin da shi ake rubuta wace saba ce ta kama aikin. Tsoffin taimomin da ke cikin fayil ba sa ƙaura da kansu. Waɗanda aka saka da @Schedule, alamar tsara lokacin aiki a cikin manhaja, za su sake ƙirƙiruwa idan manhaja ta tashi, waɗanda aka ƙirƙira ta lambar manhaja (code) kuwa sai ka sake ƙirƙirarsu.

Batun tasowa da safe ba lalacewa ba ce, haka ƙa'idar EJB, wadda taimomin WildFly ke bi, ta tsara. @Schedule yana zuwa da persistent=true, wato in lokaci ya wuce saba tana kashe, dole a gudanar da aikin aƙalla sau ɗaya da zarar ta tashi. A garin da wuta kan tafi, inbata ta ƙare kafin asuba, a jira mai kunna janareta, wannan zai riƙa faruwa. Ni a ganina aikin lissafi a bar shi haka, gara ya makara da a ce bai gudana ba. Abin gyara yana cikin lambar: ta duba ranar ƙarshe da aka rufe lissafinta ta ci gaba daga nan, kada ta ɗauki ranar da agogo ya nuna. Ƙananan ayyuka irin share fayilolin wucin gadi, ba su persistent=false kawai, amma ka sani irin waɗannan kowace saba tana gudanar da nata.

Ka duba agogo ma. Sabobin haya da yawa suna kan UTC, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya, sai sha biyun ta zama ƙarfe 1. Sa timezone="Africa/Lagos" a cikin @Schedule, ko -Duser.timezone=Africa/Lagos a JAVA_OPTS na standalone.conf, ka kuma kunna manhajar chrony don agogon sabobin su daidaita.

Gyaranka ya ɓace ne saboda saba mai aiki tana riƙe da saitinta a ƙwaƙwalwa, duk wani canji ta jboss-cli ko ta shafin gudanarwa na tashar 9990 sai ta sake rubuta standalone.xml ta bi ta kan naka. In dole sai da hannu, kashe ta tukuna. Tsoffin kwafi suna standalone_xml_history, kuma :take-snapshot kafin kowane canji ba ya cin komai. Shi ya sa na fi son rubutaccen umarni a Git, ko wata shida aka yi za a ga wanda ya canza me.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zai iya cizonka. Wa'adin tiransakshan, wato aikin rumbu da ake kammalawa ko a warware gaba ɗaya, sakan 300 ne. Lissafin da ya wuce minti 5 za a warware shi, sabar ta sake gwadawa, kai kuma ka ga kamar ya gudana sau biyu. Kada ka ɗaga default-timeout na sabar gaba ɗaya. Sa @TransactionTimeout a kan wannan aikin kaɗai, ko ka raba shi kashi-kashi. Bayan gyara, buɗe teburin jboss_ejb_timer ka duba next_date da timer_state. Layi ɗaya ya kamata ka gani na aikin daren. In ka ga biyu, turo abin da server.log ya rubuta daga 23:59 zuwa 00:10 mu duba.