Tsohuwar Kwamfuta da Littafin Girkin Gida

Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: mutane suna son riƙe bayanansu a gida, a kan na'urarsu, maimakon su damƙa wa wani kamfani. Na zaci takardun aiki ko hotuna ake son adanawa, ashe yawanci girke-girke ne. To mu shiga kicin ɗin.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM 4GB, ta kusa shekara 10, tana ajiye ba a amfani da ita. Girke-girken maiɗakina kuwa a warwatse suke, wasu a littafi, wasu hotuna ne a waya, wasu a cikin saƙonnin WhatsApp. Zan iya haɗa mata sabar a gida in tara su wuri guda, ko sai na sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan, Raspberry Pi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Riƙe kuɗinka Malam, abin da kake nema yana nan kwance a ɗakinka. Sunan sabar ne ke tsorata mutane, alhali kwamfuta ce kawai da aka bari a kunne, tana jiran wata na'ura ta roƙe ta abu ta miƙa mata. Manhajar girki ba ta da ci, RAM 4GB ya ishe ta har da saura. Tsohuwar taka ma ta fi Raspberry Pi ta wani ɓangare, tunda tana da batir a jikinta, ko wuta ta ɗauke ba za ta mutu farat ɗaya ba. Sai dai ka kifa ta ka duba. In batirin ya kumbura har ya ɗago murfin ƙasa ko allon rubutu, cire shi kafin komai, don irin wannan ba a barin sa a caji dare da rana.

Kwashe hotuna da takardun da ke ciki, ka goge Windows ka sa Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ce mai nau'o'i da yawa. Ni Debian nake sawa, tana nan tun 1993 kuma ba ta da rawar kai. In ka fi son wadda za ka samu bayaninta a ko'ina, ɗauki Ubuntu Server, nau'in da aka rubuta wa LTS. Ana fitar da shi duk bayan shekara 2 a watan Afrilu, ana kuma yi masa gyaran tsaro kyauta har shekara 5. Abu na farko da zai ba ka haushi, da ka rufe murfin kwamfutar sai ta yi barci, sabar ta ɓace. Maganinsa layi ɗaya ne: buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf, nemo HandleLidSwitch, goge alamar # da ke farkon layin, mayar da shi HandleLidSwitch=ignore, sannan ka kashe ka kunna.

Daga nan sai Docker, wadda ta fito a 2013. Aikinta shi ne ta ƙunshe kowace manhaja da tarkacenta a cikin akwatinta daban, yadda wata ba za ta taka ƙafar wata ba. Za ka rubuta ɗan gajeren fayil, ka buga docker compose up -d, manhaja ta tashi.

Wace manhaja? Mealie nake ba ka shawara. Tana ajiye girke-girke da hotunansu, tana tsara abincin mako, tana fitar da jerin cefane, kuma tana iya zama a kan SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai mai fayil guda, ba sai ka girka wani babban rumbun bayanai ba. Tandoor Recipes ma tana da kyau, amma da babban rumbun bayanai na PostgreSQL aka fi haɗa ta, wato akwati biyu ke nan za ka riƙa lura da su. Akwai kuma Grocy, mai lissafin duk abin da ke cikin sito da firji har da ranar lalacewarsa. Na riƙe ta mako 3 na sallama, kuma laifina ne ba nata ba, domin tana son duk ƙwan da aka fasa a zo a gaya mata, ni kuwa ban da wannan juriyar.

Abin da ke burge mutane a Mealie shi ne ka liƙa mata adireshin shafin girki, ta zaro kayan haɗi da matakai ta watsar da talla da dogon labari. Ba tsafi ba ne. A 2011 Google da Microsoft da Yahoo suka fito da schema.org, wani tsari da shafuka ke bi su jera bayanansu a bayan fage saboda injunan bincike, kuma can take ɗebowa. Shafin da bai bi tsarin ba yakan ba ta wahala. Na littafi da na WhatsApp kuwa, hanyar da ta fi tabbas ita ce ku zauna ku buga da hannu.

Kada ka manta ka shiga saitin rautar gidanku, wato na'urar da ke raba muku intanet, ka ɗaure wa kwamfutar adireshi guda, misali 192.168.1.20. In ba haka ba, rauta na iya sauya mata lamba wata rana, Hajiya ta buɗe waya ta ga wayam, miya kuma tana kan wuta.

Sannan wata magana da ba ta fasaha ba. Kafin ka ɓata dare goma kana bugawa, saka girki 10 kacal da ta fi yawan yi, ka ajiye mata alamar shafin a fuskar wayarta, ka ja bakinka ka yi shiru wata guda. In ta buɗe da kanta, ci gaba. In littafinta ta ci gaba da ɗauka, to kai ne mai sha'awar sabar, kuma ba laifi ba ne, sai ka nemo mata wani aikin.

Tambaya: Malam, Raspberry Pi 4 ɗina ta yi wata 8 tana aiki lafiya. Wuta ta ɗauke, da ta dawo sai ta ƙi tashi. Girki sama da 200 ne a ciki. Sun tafi ke nan?

Amsa: Sannu, na san zafin wannan, don ni ma ya taɓa samu na. Da wuya a ce Pi ɗin ce ta ƙone. Galibi katin memorin ne ya rikice, saboda wutar ta yanke yana tsakiyar rubutu. Kada ka yi masa fomat, kada kuma ka yi ta kunnawa kana kashewa. Zare shi ka sa a kwamfuta mai Linux. Windows ba ta karanta ɓangaren ext4 inda bayananka suke, har ma za ta tambaye ka ko ta yi masa fomat, to ka ce a'a. Fara ɗaukar kwafin katin gaba ɗaya da manhajar ddrescue, sai ka yi gyara da umarnin fsck a kan kwafin, asalin ya zauna yadda yake. In Docker ka yi amfani da ita kuma ba ka zaɓi wani wuri da kanka ba, duba cikin /var/lib/docker/volumes. Sau da yawa ɓangaren tashi ne kawai ya lalace, girke-girken suna nan daram.

In ka samo su, gyara abu biyu. Pi 4 tana iya tashi daga USB, saboda haka mayar da ita kan ƙaramin faifan ajiya na SSD, wanda ya fi kati jure yawan rubutu. Duba cajar kuma. Pi 4 tana son 5V da 3A, tsohuwar cajar waya kuwa ba kowace ke kai haka ba, kuma ƙarancin wuta shi ma yana lalata kati a hankali.

Babbar maganar dai ita ce kwafin ko-ta-kwana. Wanda ya karɓi bayanansa daga hannun kamfani ya karɓi aikin da ma'aikatan kamfanin suke yi masa bai sani ba, kuma wannan ne na farko a ciki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Ga sabar girki abin ba shi da wuya, wanda ke kan sabar ɗaya, na filashi biyu, na uku a wurin ajiya na intanet ko a kwamfutar wani ɗan'uwa. Mealie tana da maɓallin da ke tattara komai cikin fayil ɗin zip guda. In da hannu za ka kwafi fayil ɗin SQLite, tsayar da manhajar tukuna, don kwafin da aka ɗauka ana tsakiyar rubutu yana iya fitowa gurgu. Lokacin da nawa katin ya mutu ina da kwafi, ina ta murna, na buɗe na tarar watanni ke nan babban fayil ɗin da ba komai a ciki nake kwafa, saboda na yi kuskuren harafi ɗaya a sunansa. Tun daga ranar, duk bayan 'yan watanni nakan ɗauki kwafin in tayar da shi a wata kwamfutar in ga girki da idona.

Tambaya: Ina son ganin jerin cefane a wayata in na fita. Na buɗe ƙofa a rauta kamar yadda na gani a wani bidiyo, amma bai yi ba.

Amsa: Ka yi sa'a da bai yi ba. Je ka rufe ƙofar nan yanzu, wato hanyar da ka buɗe don a iso sabarka daga intanet. Akwai injuna da ba su da aiki sai zagaye intanet suna murɗa kowace ƙofa, kuma ba ruwansu da cewa girki ne kawai a ciki, sabar suke so da sauran na'urorin gidan.

Dalilin ƙin nasa, ina kyautata zaton kamfanin da ke ba ka intanet ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT, wanda ya zama ruwan dare a layukan waya. Duba adireshin waje da rautarka ta samu. In farkonsa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka, to ba ƙofar da za ka buɗe a ji daga waje. Mafita ita ce ka sa manhajar Tailscale a sabar da wayarka. An gina ta a kan WireGuard, tsarin haɗa na'urori a asirce wanda ya shiga cikin Linux a 2020, tana haƙa rami mai kulle tsakanin na'urorinka kaɗai, kuma tana ratsa CGNAT ba tare da ka taɓa rauta ba.

Tambaya: Salam Malam. Girkin mutum 4 ne, na ce wa manhajar ta mayar da shi na mutum 12. Ta ninka komai sau uku, shinkafar ta caɓe. Kek ɗin da na ninka shi ma tsakiyarsa bai gasu ba. Manhajar ce ta yi kuskure?

Amsa: Hajiya, lissafinta daidai ne, girki ne ba ta iya ba. Ita dai ninkawa ta sani. Ruwan dafa shinkafa kashi biyu ne: wanda ƙwayar ke shanyewa, da wanda ke tashi ya zama tururi. Na farkon yana ƙaruwa da yawan shinkafa. Na biyun ya danganta da faɗin tukunya da murfinta da tsawon dahuwa, ba ya ninkuwa sau uku don an ninka shinkafa. Da kika ninka ruwan duka, rarar ce ta zauna ta caɓe miki abinci. Rage ruwan, ki ajiye tafasasshe a gefe ko za a buƙata.

Kek kuma kauri ne ke yanke lokacin gasuwarsa. In kika zuba kwaɓi biyu a gwangwani ɗaya, gefe zai ƙone tsakiya tana ɗanye. Gwangwani zagayayye mai faɗin santimita 28 yana ɗaukar kusan ninki biyu na mai santimita 20 a kauri ɗaya, to shi za ki nema, ko ki raba gida biyu.

Akwai wani tarko kuma a girke-girken da aka ɗebo daga intanet. Kofin Amurka kusan mililita 237 ne, na ma'aunin mita 250 ne. Babban cokali mililita 15 ne a yawancin wurare, a Ostireliya kuwa 20 ne. Kofin fulawa bai wuce giram 120 zuwa 125 ba in ba a danna ba, na sukari kuwa giram 200 ne. Sami ɗan sikelin kicin, duk girkin da ya yi miki daɗi ki auna ki rubuta shi da giram. Akwai gurbin ƙarin bayani a ƙasan kowane girki, nan za ki rubuta irin su "na mutum 12, ruwa kaza, babbar tukunya". Wannan gurbin ne babu shi a shafin kowa sai naki.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina koyon Python. Ina son rubuta tawa manhajar girkin. Ɓata lokaci ne tunda akwai irinsu?

Amsa: Rubuta abarka. Flask, kayan gina shafin intanet da Python, da SQLite sun ishe ka: tebur na girki, tebur na kayan haɗi, shafin nema. Wahalar da za ta koya maka aiki tana wajen haɗa jerin cefane, ranar da za ka tara "albasa 2" da "rabin albasa" da "albasa giram 100" a layi ɗaya. Leƙa Cooklang, wani tsarin rubuta girki, ka ga dabararsu. Girki a wurinsu rubutu ne zalla, ana sa @ kafin kayan haɗi, # kafin tukunya ko kasko, ~ kafin lokaci. Ko manhajarka ta mutu, fayil ɗin yana buɗuwa a kowace na'ura, manhajar Syncthing kuma za ta riƙa daidaita shi tsakanin waya da kwamfuta.

Zan gaya maka ƙorafin farko da za ka samu daga mai girki: fuskar waya tana mutuwa hannu duk kwaɓi. Burauza tana da hanyar hana wannan, navigator.wakeLock, amma ba ta aiki sai shafin yana kan HTTPS, wato haɗi mai tsaro, ko localhost, wato a kan kwamfutar da yake zaune. In ka buɗe ta adireshin 192.168 tsirara, za ka yi ta neman kuskure a manhajar da ka rubuta alhali lafiyarta ƙalau. Tailscale tana iya samo maka takardar shaidar HTTPS daga Let's Encrypt, masu bayar da irin wannan shaida, sai ka kunna wannan a saitinta kafin ka fara zargin kanka.