Makarantar Yini Guda da Tallafin Kuɗin Karatu ga Ƙananan Yara a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa, kuma ɗana zai cika shekara 5 a watan Yuli. Ni da maigidana duk muna fita aiki, shi ya sa muke neman makarantar da zai yini. Na ji an ce gwamnati tana biya wa yara kuɗin makaranta mai zaman kanta, har da ta Musulunci. Shin haka ne, kuma wacce za mu zaɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya shi. A jiharku, yaron da ya cika shekara 5 zuwa ranar 31 ga Agusta yana da damar shiga ajin share fage a makarantar gwamnati, kuma ajin na yini ne, ba a biyan ko sisi. Sai dai yinin makaranta yana ƙarewa da rana, tun kafin yawancin ma'aikata su tashi, saboda haka ki tambaya tun da wuri ko suna da shirin riƙe yara bayan tashi, wanda galibi ana biyansa.

Abin da kika ji gaskiya ne. Sunan tallafin Opportunity Scholarship, an kafa shi a 2013 domin masu ƙaramin ƙarfi, sannan a 2023 majalisar jihar ta buɗe shi ga kowane gida, sai dai masu ƙarancin samu su ne ake fara ba wa, kuma kasonsu ya fi tsoka. Kuɗin ba ya biyowa ta hannunki, makarantar ake tura wa kai tsaye. Makarantun addini suna ciki, kuma tun a 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin wannan tsari a shari'ar da ta taso daga birnin Cleveland. Ana fara karɓar takardun nema a watan Fabrairu.

Inda nake so ki nutsu shi ne wajen lissafi, domin a nan iyaye da yawa suke ƙonewa. Idan kuɗin makarantar ya haura tallafin, cikon yana wuyanki, ga kayan makaranta, ga abincin rana. Doka ba ta tilasta wa makaranta mai zaman kanta ta ba da motar ɗaukar yara ba, wato mai yiwuwa ke ce za ki riƙa kai shi da sassafe cikin sanyin Janairu kafin ki wuce aiki. Haka kuma jihar ba ta wajabta wa malamanta lasisin koyarwa ba.

A ganina, yaron da Hausa yake ji a gida yana amfana ƙwarai da yini cikin masu Turanci, kuma makarantar gwamnati wajibi ne ta auna Turancinsa ta ba shi taimako idan yana buƙata. In kuwa hankalinku ya fi kwanciya da ta Musulunci, ki je da kanki ranar karatu, ki ƙirga yaran da ke ajin, ki ga inda suke cin abinci da inda suke wasa, sannan ki nemi a rubuta miki jimillar kuɗin shekara kafin ki sa hannu.