Bibimbap: shinkafar Koriya da ake cakuɗawa

'Yar'uwa, kin tambaya menene abincin nan da kike gani a finafinan Koriya, shinkafa a kwano da kayan lambu kala-kala a kai, kuma ko yana gina jiki. Sunansa bibimbap, ma'anarsa "cakuɗaɗɗiyar shinkafa". Garin Jeonju ne ya fi shahara da shi.

Farar shinkafa ake zubawa a ƙasa, a jera alayyafo, karas, naman kaza (wato laimar kwaɗi, ba kaza ba), tsiron wake da yankakken naman sa, kowanne a gefensa, a ɗora ƙwai a tsakiya. Sai man riɗi da gochujang, wani jan yaji mai kauri da ake tsimawa. Kafin a kai loma, da cokali ake juya komai har ya haɗe. Wanda ya fi burge ni shi ne dolsot, da ake kawowa a kwanon dutse mai zafi, shinkafar ƙasa tana ƙauri har ta yi ƙanzo.

Maganar gina jiki kuwa, ba laifi. Shinkafa na ba da ƙarfi, nama da ƙwai suna gina tsoka, karas da alayyafo na da bitamin A, ganyen kuma na taimaka wa hanji. Inda za ki kula shi ne gishiri, don gochujang ba ya wasa da shi, kuma akwai zaƙi a ciki. Mai ciwon suga ya rage shinkafar, ya ƙara ganye. Idan gochujang na kanti za ki saya, duba bayan robar, wasu kamfanoni suna sa barasa kaɗan.